Shekarar da Na Ce Rana Ba Ta Faɗi Ba

Kun taso kun tarar ana kirana Mai-Rana a Dumega, kuma na san kowannenku ya taɓa jin dalilin sunan a bakin wani. Wasu sun gaya muku na samu taɓin hankali a ƙasar Turawa. Wasu sun ce doguwar ruwa ce ta shafe ni har sai da aka yi mini girka. Ko ɗaya bai faru ba. Uwarku ta daɗe tana cewa in zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina da sauran ido, ni kuma ina ta ja mata rai, don ba labari ba ne mai daɗin tunawa. Yanzu da na ga jikokina ma sun fara kiran sunan suna dariya, ba su san abin da ya ci mini ba, na ga gara ku ji daga bakina.

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma sai kun riƙe wannan kafin ku gane sauran. Baba, kakanku, Bafulatani ne makiyayi. Rugarmu tana gefen busasshen kwarin nan na Dallol kusa da Dumega, da damina kuma garke ya yi arewa wajen Sukukutane. Inna Ba'ara ce, Bahaushiya 'yar cikin gari. A al'adar Fulani uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya ma yi masa tambaya kai tsaye. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Amadu a bakin Baba ba. In yana son in kai maruƙa rijiya, sai ya dubi wani gefen ya ce a kai maruƙa rijiya, ko da daga ni sai shi a wurin. Ku da kuka girma kuna hawa wuyana kuna ja mini gemu za ku ce ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba. Abin da aka san Baba da shi a duk yankin shi ne magana ɗaya. Ba shi da zurfin karatu, shanunsa ma ba su kai na wasu ba, amma in garke ya yi ɓarna a gona aka rasa mai gaskiya, da manomi da makiyayi duk shi suke yarda a kira. Abin da ya ce ya gani shi ke nan, ba a sa shi rantsuwa.

Lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke ni ba da son kowa ba, na fito na zama mai yi wa shanu allura a Dogon Dutsi. Da aka samu 'yancin kai, Turawa suka fara barin kujerunsu, sabuwar gwamnati ta shiga tura matasa ƙaro sani, sai sunana ya fito cikin masu zuwa Faransa koyon aikin maganin dabbobi. Kafin in tafi aka tsayar da maganata da Hajo, 'yar Baffa Bube, ƙanen Baba. Ba haɗa mu aka yi ba, mu muka ga juna, manya suka sa albarka. Baba ya ware jar karsana aka kora ta garken Baffa, aka ce biki sai na dawo.

A Faransa, in zafinsu ya zo makaranta takan rufe, kowa ya tafi hutu. Mu baƙi da ba mu da gidan zuwa, wata ƙungiya mai kula da ɗalibai ta samo mana gurbi a wani jirgin ruwa mai kai mutane yawon buɗe ido arewa, gaɓar ƙasar Norbej, wadda kuke ji a rediyo ana ce mata Norwe. Aka haɗa ni ɗaki da wani Bafulatanin Mali, Sidibe, muka ji daɗin samun wanda za mu yi Fulatanci da shi. Jirgin nan unguwa guda ne, hawa kan hawa, da wurin cin abinci da wurin kiɗa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne mutanen ciki. Ba fatauci za su ba, ba ziyarar dangi ba, ba aikin hajji ba. Tsofaffi ne yawancinsu, su jera kujeru a saman jirgi, su rufe gwiwa da bargo, su wuni suna kallon duwatsu. Na ce wa Sidibe lalle ƙoshi ma ciwo ne. Ban san ni ma zan tsaya a bakin ƙarfen da ya kewaye saman jirgin in manta da abinci ba.

Wata safiya na fito na ga jirgi ya nufi bangon dutse kai tsaye, ba alamar zai kauce. Na ce matuƙin nan barci ya ɗauke shi. Sai da muka matso na ga dutsen a tsage yake, teku ta kutsa cikin tsagin ta yi hanya, jirgi ya bi ta a hankali. Su suna kiran irin wurin fiyor. Ni da na ɗaga kai na dubi dama na dubi hagu, abin da ya zo mini shi ne Dallol ɗinmu, in da za a cika shi da ruwa, a kuma ja gaɓoɓinsa sama har dutsenmu na Dogon Dutsi ya koma kamar suri a gindinsu. Ruwan baƙi-baƙi ne, kore-kore, a kwance ko motsi ba ya yi, duwatsun suna tsaye a cikinsa kai a ƙasa. Can ƙololuwa ƙanƙara ce fara fat, a tsakiyar abin da su suke kira zafi. Daga saman kuma ruwa ke zubowa ta ko'ina, wani siriri, wani mai ƙarfi har feshinsa yana jiƙa mana fuska, fari kamar an tuntsurar da ƙwaryar madara. Nan da can sai ka hangi ɗan jan gida maƙale a jikin dutse, ka rasa ta ina mai shi yake hawa. In jirgi ya yi kuka, sai duwatsu su riƙe kukan su maido shi, wannan ya miƙa wa wancan. Kwana da kwanaki muna shiga wannan lungu muna fita, mu shiga wani wanda ya fi shi, wani wurin ma ya matse har kana ganin ciyawar da ke jikin bango. Turawa suna ta ɗaukar hoto. Ni kuwa na tuna Baba da rani, yadda yake wuni yana jan guga don garke ya jiƙa maƙoshi, ga ruwan daɗi nan yana kwarara cikin ruwan gishiri dare da rana ba mai sha. Hawaye suka zo mini, na bar su a kan feshin ruwa.

Tun da muka fara yin arewa muka lura dare yana raguwa. Mu yi Magariba a makare, kafin mu gama Isha mu kwanta gari ya waye. Muka ɗauka haka yanayin ƙasar yake, bai wuce nan ba. Ba wanda ya gaya mana abin da ke gaba, ko kuma an faɗa cikin lasifika da harshen da ba mu ji. Ran nan muka yi La'asar, muka sake alwala, muka nemi lungu a bayan jirgi muka shimfiɗa bargo muna jiran rana ta faɗi. Ta yi ƙasa, ta yi ja, ta kusa taɓa ruwa. Sidibe har ya miƙe yana gyara hula zai tada iƙama. Sai ta tsaya. Ba ta nutse ba, ta dinga bin gefen ruwa a kwance kamar saniya tana bin shinge tana neman ƙofa. Muna zaune riƙe da alwala, sanyi yana cin ƙafafunmu. Can sai muka ga ta fara hawa sama. A gaban jirgi Turawa suka ɗauki tafi da shewa.

Sidibe ya kama hannuna.

"Amadu, ko tashin duniya ne ya riske mu a ƙasar mutane?"

Na ce masa in tashin duniya ne, ai waɗancan ba za su yi tafi ba. Na faɗa ne kawai don in ƙarfafa shi, ni kaina kalmar shahada nake maimaitawa. Wani dattijo ma'aikacin jirgi mai ɗan jin Faransanci ya zo wucewa ya gan mu tsuru-tsuru. Da muka gaya masa abin da muke jira, bai yi mana dariya ba.

"'Ya'yana, in faɗuwarta kuke jira, sai ku yi makonni a nan. Haka take yi mana kowace shekara. Da sanyi kuma sai ta tafi ta bar mu cikin duhu."

Muka yi shawara, muka ga ba mu da malamin tambaya, kuma barin salla ba zai yiwu ba. Muka ƙiyasta, muka yi Magariba rana tana dukan idonmu, muka bi ta da Isha. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina a gaban Allah kamar wannan lokacin ba. Duk kwanakin da muka yi a can arewa haka muka yi ta sallarmu da ƙiyasi, har jirgi ya juyo kudu dare ya dawo mana.

Na komo gida da kaka, an yanke hatsi, shanu sun sauka gonaki suna cin kara. Aka taru a rugarmu yi mini barka da zuwa, da Baffa Bube, da Malam Garba limamin rugagen wurin, da maƙwabta, mata kuma suna daga bayan bukka suna saurare. Baba yana can gefe ya ba mu rabin baya, yana tufkar igiya, kamar ba don shi ake yi ba, amma na san kunnensa yana wurina. Aka ce in ba da labari. Na ba da na jirgi mai girman unguwa, aka ce Allah mai iko. Na ba da na Dallol cike da ruwa da ƙanƙara a kan dutse, aka riƙe baki, wani tsoho ma ya ce ai kakanni sun ce namu Dallol ɗin ma ya taɓa ɗaukar ruwa. Daɗin sauraro ya ja ni, na kawo na rana. Ban kai ƙarshe ba na ji wurin ya yi tsit.

Baffa Bube ya gyara zama.

"Yaro, mi kac ce? Maimaita, kunnena ya tsuhwa."

"Rana ba ta hwaɗi ba, Baffa. Ta yi ƙasa, ta koma bisa. Da idona nig gani."

"To Magariba hwa?"

"Mun yi ta da ƙiyasi, rana tana tsaye."

Malam Garba mutumin kirki ne, ba na son ku riƙe shi da mugunta. Iyakar abin da ya karanta ya faɗa. Ya yi magana a hankali, kansa a ƙasa.

"Allah ya ɗaure salla biyar ga tahiyar rana. Ƙaƙa za shi halicci ƙasa inda ba a iya cika umurninai? Ranar da rana taƙ ƙi hanyarta, an ruhe ƙohwar tuba. Yaro, ko dai barci ya ɗauke ka, ko an ba ka wani abu ka sha."

Kalmar kifin rijiya ta zo mini har bakin harshe, na haɗiye ta, kuma har yau ina gode wa Allah da na haɗiye. Na duba wajen Baba. Ya ajiye igiyar da yake tufka, ya tashi ya nufi cikin shanu.

Magana zarar bunu ce. Kafin kasuwar Dumega ta zagayo labari ya kai ko'ina, kowa da irin nasa. Dangin Inna suka ce iska ne. Wata innarta, Iya Dije, tsohuwar 'yar bori, ta zo har ruga ta dube ni sama da ƙasa, ta sa aka kawo mata tabarma.

"Ɗiyan lakwal ba su da ladabi ga masu wuri. Ka ratsa ruwa tsakanin duwatsu, ba sallama, ba ko ɗan hwarin goro. Kowane dutse da mai shi, kowane ruwa da mai shi. Doguwa ta ruhe mai ido da hwarin zanenta, shi ya sa bai ga dare ba. A yi mai girka tun ba ta zamna ba."

Inna ta yi ta kuka tana roƙona in yarda. Ita a wurinta gara a ce iska ne da a ce ɗanta maƙaryaci ne, don iska ana sallamarsa. Na ƙi. Na ce mata lafiyata lau, kuma ba zan zauna a turara ni a kan abin da na gani ido buɗe ba. Na ɗauko katin hoto da na sayo a jirgi, rana ja a kan ruwa, na kai wa Baffa. Ya juya shi ya sake juyawa, ya miƙo mini, ya ce wannan ai rana ce kamar kowace rana, hoto ba ya faɗin lokaci. Na ce zan kawo malamin lakwal daga Dogon Dutsi ya yi musu bayani da ƙwallon duniya. Ya ce ɗan lakwal ya shaidi ɗan lakwal, wace shaida ke nan. Shekaru da yawa bayan haka wani babban malami ya gaya mini malaman can baya sun san da irin waɗannan ƙasashe, kuma ƙiyasin da muka yi shi ne daidai. Amma a shekarar nan ba shi a kusa.

Sai Baffa ya aiko da sharaɗinsa. Ba zai ba da 'yarsa ga wanda bakinsa ba shi da linzami ba, ko wanda kansa ya taɓu, ko wanda Nasara suka ɓata wa salla, shi bai san wanne ne a ciki ba. Amma ni ɗansa ne, ba ya son ya tozarta ni. In tsaya a gaban waɗanda suka ji maganar in ce wasa nake yi, irin na matafiyi da ke ƙara wa labari gishiri. Za a yi dariya, a ce yaro ne, a wuce wurin, biki ya tabbata. Ya ba ni har ranar wani suna da za a yi a rugar maƙwabta.

Abin da nake son ji shi ne ta bakin Baba, ga shi ba ni da hanyar tambayarsa, shi ma ba shi da hanyar tambayata. Saƙonsa ta bakin Inna ya zo, tana dama fura ba ta ɗago ba.

"Babanka ya ce a hwaɗa maka, gidan ga ba a san shi da ƙarya ba. In ƙarya kay yi, ka janye ta."

"In kuma ba ƙarya ba ta hwa, Inna?"

"Nan yat tsaya. Bai ƙara komi ba."

Wannan rabin magana ta hana ni sukuni. Kun ga inda aka sa ni. In na tsaya a kan gaskiya, ni maƙaryaci ne a idon duniya, wataƙila har a idon ubana. In na janye, kowa zai karɓe ni, amma ranar ce zan fara yin ƙarya, kuma a gaban mutumin da bai taɓa yi ba.

Hajo takan kawo nono kasuwar Dogon Dutsi. Ana saura kwanaki kaɗan sunan, na same ta a rumfar masu nono ta kusa sayarwa. Ba al'ada ba ce mu tsaya magana a bainar jama'a, amma ita ta kira ni. Hamma take ce mini, wato yaya, kuma Hajo ba mai kwana-kwana ba ce.

"Hamma, kalma guda ta. Ka ce wasa kake. Mi za ta rage ka da shi?"

"Ke kin yarda da ni?"

Ta goge bakin ƙwarya da yatsa.

"Ni ban san rana ba, kai nis sani. Ko ta hwaɗi ko ba ta hwaɗi ba, can ƙasassu ta. Mu nan tamu tana hwaɗuwa kullum. Don rana ta wasu mutane za ka bar ni?"

Na ce mata ba rana ba ce, bakina ne. In na saba masa yau, gobe in na ce mata wani abu da me za ta auna?

"To ka ji nawa. Ba ni tsallake maganar babana, ba ni kuma zama ana nuna ni ana cewa ga matar Mai-Rana. In ka zaɓa, ka zaɓa."

A bakinta na fara jin sunan. Ta ɗora ƙoranta a ka ta tafi, ban ga ta waiwayo ba.

Ranar sunan na taso daga Dogon Dutsi a kan keken aiki, kuma gaskiyar magana da niyyar janyewa na taso. Duk hanya ina gwada kalmar a bakina, wasa nake, wasa nake, har ta yi laushi. Ina son Hajo, ban ga dalilin ɓoye muku ba, uwarku ma ta sani. Bayan an raɗa suna an yi addu'a an raba goro, Baffa ya ɗaga murya ya ce yaro yana da magana. Na miƙe. Mutane suka juyo, wasu har sun fara murmushi, sun shirya yin dariyar da za ta wanke ni. Sai idona ya faɗa kan Baba, yana zaune a ƙarshen tabarma, sandarsa a kan cinya, yana kallon ƙasa. Na tuna sau nawa na ga an kira shi gona, manomi yana huci makiyayi yana huci, ya faɗi abin da ya gani ko da a kan ɗan'uwansa ne, ya juya ya tafi. Kalmar da na sha wahalar laushinta ta ƙi fita.

"Baffa, ku gahwarce ni. Abin da nic ce na gani, na gane shi. Rana ba ta hwaɗi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya kakkaɓe rigarsa ya ce to, Allah ya ba da lafiya. Washegari da hantsi aka koro jar karsana aka maido ta garkenmu. Baba yana tsaye ya ga shigowarta, abin da ya ce kawai shi ne a bar ta ta shiga cikin 'yan'uwanta.

Da rani aka ɗaura wa Hajo aure da wani mutumin wajen Sukukutane. Da yardarta aka yi, kuma mutumin kirki ne, ya riƙe ta da mutunci har Allah ya karɓi abinsa. Ni na nemi a tura ni allura ƙauyukan Tibiri a makon bikin, don kada in ji kiɗa. Watannin nan su ne mafi ɗaci a rayuwata. Makiyayan da nake yi wa shanunsu allura suka fara ja da baya, in na ce wannan saniya tana da ciwo sai a dubi juna, a ce Mai-Rana ne ya faɗa. Yara suna bin kekena suna tambayata ko yau za ta faɗi. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cina shi ne in na je ruga, Baba yana nan yadda yake, ba fushi ba fara'a, ni kuwa ban san ko ɗa yake gani ba ko abin kunya.

Da bazara, zafi ya kai inda ya kai, ruwa ya yi nisa a rijiyoyi, na samu hutu na je gida. Ƙannena sun tafi neman ciyawa da rabin garke, sai ya zamana ni da Baba ne kawai a bakin rijiya cikin Dallol, ina jan guga yana zubawa a kwamin shayar da shanu. Yamma ta yi, rana ta sauka kan gaɓa, shanun da suka sha suka fara juya kai wajen ruga da kansu. Akwai wata tsohuwar farar saniya da Baba yake ji da ita. Ya dafa wuyanta yana cire mata kaska, sai na ji yana yi mata magana, da murya daidai yadda zan ji.

"Ke kin san lokacin komawa gida don kin ga rana ta yi ƙasa. To waɗancan, na ƙasar da ba ta hwaɗuwa, ƙaƙa su ka sanin lokaci? Yaushe a ka tatsa?"

Igiya ta kusa kuɓuce mini. Tun da aka haife ni wannan ce tambaya ta farko da ya yi mini, ko da ta bayan saniya ta biyo. Kuma ga amsoshi sun cika mini kai. Aikina ke nan, na ga garkunan Faransa, ina iya cewa ƙararrawa ake kaɗa musu, ko agogo ake dubawa, ko nono ne in ya cika yake koro su gida. Kowacce na faɗa za ta zauna daram, ba kuma wanda zai je ya bincika.

"Ban sani ba, Baba. Daga cikin jirgi nike kallo. Ban shiga garke ba, ban kuma tambaya ba."

Ya karɓi guga ya juye, ya tsaya yana kallon yadda shanu ke turereniya a bakin kwami.

"Ɗan makiyayi," ya ce wa saniyar, "ya tahi har ƙarshen duniya, bai tambayi shanu ba."

Na sunkuyar da kai. Sai ya ci gaba, muryarsa ta sauka.

"Amma kin ji ko? Maƙaryaci ba shi rasa amsa. Yaron ga ya ga abin da yac ce ya gani."

Na dafa itacen bakin rijiya. Abin da na yi watanni ina nema ke nan, na kuma same shi. Na ɗauka ya gama, ashe da saura. Ya sa gefen rawaninsa ya goge fuska, hannunsa yana kan wuyan saniyar.

"Tambayag ga tana bakina tun kaka. Kunya ta hana ni yin ta. Ga shi kunya ta ci mai matar aure."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sake tada maganar ba har ya bar duniya. Na mayar da guga cikin rijiya na ci gaba da ja, don akwai shanun da ba su sha ba, don kuma kada ya ga fuskata, ni ma kada in ga tasa.